Ɗauko Yaro Daga Wata Ƙasa Ko Riƙon Maraya A Gida: Abin Da Ya Kamata Ma'aurata A Abuja Su Auna

Ma'auratan da suka daɗe ba su sami haihuwa ba, da kuma waɗanda Allah ya ba su 'ya'ya amma suke kwaɗayin ladan riƙon maraya, sukan kai wani matsayi da shawarar ɗaukar yaro ta riga ta zauna a zukatansu, sai dai su tsaya a kan tambayar inda za su ɗauko shi. A Abuja, inda ma'aikata da 'yan kasuwa da dama suke da fasfo, suke zuwa Umara, suke kuma da sanayya a ofisoshin jakadanci, ana jin masu cewa gara a tsallaka iyaka a ɗauko yaro daga wata ƙasa. Dalilansu ba na banza ba ne. Wasu suna gudun ranar da wani kawu ko wata gwaggo za su yi sallama su ce sun zo karɓar ɗansu bayan an gama shan ɗawainiyar rainonsa. Wasu suna son yaron da babu wanda ya san asalinsa a unguwa don kada a riƙa yi masa gori. Wasu kuwa hotunan yaran Sudan da na Gaza ne suka hana su sukuni. Ɗaya hanyar ita ce wadda muka gada, wato riƙon yaro daga cikin dangi, ko karɓarsa daga gidan marayu a nan gida ta hannun hukuma. Idan aka auna hanyoyin biyu ta fuskar doka da addini da lafiyar yaro da kuɗi, ba sa zuwa daidai wa daida.

Abu na farko da mai niyyar tsallaka iyaka zai tarar shi ne ƙasashen da aka saba ɗauko yara daga cikinsu sun daɗe da fara rufe ƙofa. Kenya ta dakatar da bai wa baƙi yara a 2014. Majalisar dokokin Habasha ta haramta hakan a watan Janairun 2018, bayan shekarun da ƙasar ta yi tana cikin manyan masu tura yara zuwa Turai da Amurka. Ƙasar Sin, wadda ta tura yara sama da 160,000 zuwa ƙetare tun daga 1992, ta sanar da rufe nata shirin a watan Satumban 2024, in ban da 'yan keɓantattun lokuta da suka shafi dangi. A Amurka, yaran da aka shigo da su ta wannan hanya sun kai kusan 23,000 a 2004, amma tun daga 2020 ba sa kai 2,000 a shekara. To, idan mutanen da suke da kamfanoni da lauyoyi na musamman a kan wannan harka sun ga hanya ta ƙuntata haka, ɗan Najeriya da zai tunkare ta shi kaɗai ba zai same ta da faɗi ba.

Dalilin rufe ƙofofin nan shi ne abin da bincike ya riƙa tonowa, kuma misali mafi kusa da mu ya faru ne a Chadi. A watan Oktoban 2007 aka kama ma'aikatan wata ƙungiyar Faransawa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Faransa, da sunan marayun yaƙin Darfur ne. Da aka bincika, sai aka tarar yawancin yaran 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko wani makusanci a raye. Kotun Njamena ta yanke wa Faransawa shida ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani, kafin Shugaba Idriss Deby ya yi musu afuwa a 2008. A Nijar ma, a 2014, an yi wata shari'a da ta shafi manyan mutane, har da shugaban majalisar dokoki na lokacin, Hama Amadou, kan zargin shigo da jarirai daga Najeriya ta Jamhuriyar Benin da gabatar da su a matsayin haihuwar gida, zargin da shi ya musanta ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne. Mu kanmu ba mu manta da yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Onitsha a 2019 ba, bayan an sace su an sayar, an canja musu suna. Duk wanda ya karɓi yaro daga hannun dillali a ƙasar da ba ya jin harshenta, bai kuma san kotunanta ba, ba shi da hanyar tabbatar da cewa ba irin wannan yaron aka miƙo masa ba, alhali wata uwa tana can tana cigiya.

Masu tunanin ƙasashen Musulmi sukan ɗauka abin zai fi sauƙi saboda addini ɗaya ne, amma a aikace ya fi tsauri. Saudiyya da Masar ba su yarda da mayar da yaro ɗan wanda bai haife shi ba, kuma tsarin riƙon marayun da suke da shi na 'yan ƙasa ne. Maroko, wadda ta yi dokar riƙo a 2002 kuma ta ɗan buɗe wa Musulmin waje ƙofa, ta tsuke ta a 2012, lokacin da ma'aikatar shari'a ta umarci masu gabatar da ƙara su ƙi amincewa da buƙatar wanda ba mazaunin ƙasar ba ne, saboda alƙali ba zai iya bibiyar yaron da aka fita da shi ba. Game da wuraren yaƙi kuwa, matsayin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Red Cross shi ne kada a bayar da yaron da rikici ya raba da iyayensa sai an ƙure neman danginsa, domin yaron da aka tsinta shi kaɗai a sansani sau da yawa ba maraya ba ne, ɓacewa ya yi. Lokacin da yaƙin Sudan, wanda ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, ya ritsa da gidan marayu na Maigoma a Khartum, abin da aka yi shi ne kwashe yara kusan 300 zuwa Wad Madani a cikin ƙasar, ba a raba su ga masu nema daga waje ba. Saboda haka duk wanda ya yi wa mutum alkawarin samo masa jaririn Gaza ko na Sudan idan ya biya wani abu, ko dai ɗan damfara ne ko mai safarar mutane.

Akwai kuma giɓin da ke ɓangarenmu. Yarjejeniyar da ta tsara ɗaukar yara tsakanin ƙasashe, wadda aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan a 1993, ta wajabta wa kowace ƙasa ta kafa hukuma guda da za ta tabbatar cewa an fara nema wa yaro iyali a ƙasarsa, cewa iyayensa sun yarda ba tare da an ba su kuɗi ba, cewa kuma ƙasar da za a kai shi ta amince zai shiga ya zauna dindindin. Gana da Togo da Benin da Nijar duk sun shiga wannan yarjejeniya, amma Najeriya ba ta shiga ba. Yarjejeniyar ba ta hana a bai wa ɗan ƙasar da ba mamba ba yaro, sai dai hukumar can za ta nemi takwararta a nan wadda za ta aiko da rahoton bincike ta kuma ɗauki alhakin bibiya, kuma ba mu da hukumar da aka kafa domin wannan aiki. Sunan takardunmu ma bai da kyau a idon waje: a watan Maris na 2021 Birtaniya ta dakatar da ɗauko yara daga Najeriya, tana mai kafa hujja da takardun da ba a iya dogaro da su da kuma alamun cinikin jarirai.

Hanyar gida, duk da jinkirinta, tana da doka a rubuce da kotun da za a je. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a Babban Birnin Tarayya, kuma ta raba abu biyu: umarnin riƙo, wanda yake ba mutum kula da yaro ba tare da yanke shi daga asalinsa ba, da umarnin ɗauka gaba ɗaya, wanda yake mayar da shi tamkar ɗan cikinsa a idon doka. A ɗauka gaba ɗaya, doka ta shar'anta mai nema ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, ya zama ɗan Najeriya, ya kuma zauna shekara 5 a jihar da yake nema. Dole ya sanar da jami'in jin daɗin jama'a niyyarsa aƙalla wata 12 kafin kotu ta yanke hukunci, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata 3 a jere kafin ranar. Wanda ba shi da aure sai ya kai shekara 35, kuma jinsinsu ɗaya da yaron. Dokar ta haramta bayarwa ko karɓar kuɗi domin a sami yaro, sannan hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, wadda hedkwatarta ke nan Abuja, tana kallon sayen jariri a matsayin safarar mutane ko da niyyar mai sayen ta alheri ce. Wani abu da ma'aikata kan manta shi ne sharaɗin mazauni: wanda yake aiki a Garki amma yake kwana a Mararaba ko Masaka mazaunin Jihar Nasarawa ne, na Suleja kuma mazaunin Jihar Neja ne, don haka ofishin da zai tunkara da dokar da za ta hau kansa na can ne.

Binciken da jami'an jin daɗin jama'a suke yi yakan yi wa wasu ciwo, domin mutum mai mutunci bai saba a shigo masa gida a leƙa ɗaki da madafa ba. Jami'a za ta zauna a falo da fayil a cinya, ta dubi matar gida ta ce, “Hajiya, a ina yaron zai riƙa kwana, kuma wa zai zauna da shi idan kin tafi aiki?” Sannan ta juya ga maigida ta ce, “Alhaji, iyayenka da 'yan'uwanka sun san da wannan magana?” Tambaya ta biyun ita ce mai nauyi, domin gidan da aka ɓoye wa dangi maganar shi ne gidan da yaro yake shiga uku ranar da maigida ya faɗi ya mutu. A ganina wannan bincike kariya ce ga masu nema kansu, tun da shi ne zai zama hujjarsu idan wata rana aka zarge su da satar yaro.

Matsalar da ta fi kowace girma a hanyar waje, wadda kuma ba a cika ambatonta ba sai an makara, ita ce ta zama ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1999 ya zayyana hanyoyi uku. Sashe na 25 ya ba da ta haihuwa, wadda take bin jinin uwa ko uba ko kakanni. Sashe na 26 ya ba da ta rajista ga matar da ta auri ɗan Najeriya da kuma baligin da aka haifa a waje wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Sashe na 27 ya ba da ta neman izini, wadda sai baligi, kuma sai an cika sharaɗin zaman shekara 15. Babu inda aka ambaci yaron da ɗan Najeriya ya ɗauko daga wata ƙasa. Ma'anar wannan ita ce yaro zai iya tashi a Gwarinpa, ya yi firamare da sakandare, ba shi da wata ƙasa da ya sani sai wannan, amma matsayinsa yana rataye. Abin ba ya fitowa fili yana ƙarami. Yana fitowa ne ranar da za a yi masa fasfo, ko ranar da makaranta ko wurin ɗaukar aiki suka nemi takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, wadda kowa ya san ba a raba ta da neman gurbin karatu da aikin gwamnati a ƙasar nan. Yaron da aka karɓa daga gidan marayu a Gwagwalada ko Kuje ma yakan sha tambaya a kan wannan takarda, amma shi aƙalla akwai rahoton 'yan sanda da fayil ɗin hukuma da umarnin kotu da suke nuna a ƙasar nan aka same shi.

Na san za a ce ai a Najeriya muke, takarda ba ta gagara: a je ofishin Hukumar Ƙidaya a rubuta sunan mai riƙo a matsayin mahaifi, a yi lambar shaidar ɗan ƙasa a kan haka, magana ta ƙare. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutanen kirki. Ta fuskar doka, ba da bayanin ƙarya a rajistar haihuwa laifi ne, kuma yanzu da ofisoshin jakadanci da kotuna suke iya neman gwajin jini na gano mahaifa, ƙaryar tana da ranar tonuwa. Ta fuskar addini kuwa, shi ne ainihin abin da Alƙur'ani ya hana. Aya ta 4 da ta 5 a Suratul Ahzabi sun sauka a kan al'adar jingina yaro ga wanda bai haife shi ba, har Zaidu ɗan Harisa, wanda a da ake kira Zaidu ɗan Muhammadu, ya koma amsa sunan mahaifinsa. Ayar ta ce a kira su da sunan iyayensu, idan kuma ba a san iyayen ba to 'yan'uwa ne a addini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mai riƙon maraya bushara da kusanci da shi a Aljanna, ya nuna da yatsunsa biyu, kamar yadda Buhari ya ruwaito, amma riƙon ba ya canja nasaba, ba ya kuma kawo gado. Don haka ga Musulmi umarnin riƙo ya fi dacewa da umarnin ɗauka gaba ɗaya. Ga iyalan Kirista wannan tarnaƙi bai taso ba, umarnin ɗauka gaba ɗaya yana yi musu aiki, ko da yake matsalar zama ɗan ƙasa tana nan a kan kowa.

Maganar muharramci ita ma tana karkata ga hanyar gida, saboda dalilin lokaci. Yaro namiji da mace ta riƙa, idan ya balaga, ajnabi ne a gare ta. Haka yarinya ga maigida. Maganin da shari'a ta bayar shi ne shayarwa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a littafin fiƙihu na Risala, duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyu yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce, amma idan an yaye shi har ya wadatu da abinci, shayarwar bayan haka ba ta da tasiri. Matar da ba ta shayarwa tana iya kai jariri namiji wurin 'yar'uwarta mai goyo, sai ta zama innarsa ta shayarwa. Idan mace ce a kai ta wurin 'yar'uwar maigida ko matar ɗan'uwansa, sai ya zama kawunta ko baffanta. Wannan dabara tana buƙatar jariri ya zo hannu da wuri. Shari'ar ɗauko yaro daga waje kuwa takan ci shekaru tsakanin kotu da fasfo da biza, kuma kafin a gama yaron ya wuce yaye. Batun gado ɗaya ne a hanyoyin biyu: ɗan riƙo ba magaji ba ne, amma ana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba, ko a yi masa kyauta tun ana raye. Sai dai kyauta a fiƙihun Malikiyya ba ta tabbata sai an mallaka ta a hannu kafin mutuwa, don haka wanda ya ce ya ba ɗan riƙonsa fili a Lugbe amma ya bar takardun da sunansa ya bar wa yaron rigima ne a gaban alƙali.

Sai shi yaron kansa, wanda ba a tambayarsa ra'ayi. Wani bincike da aka fara a 2000 a Bukares, babban birnin Romaniya, ya bibiyi yara 136 da suka tashi a gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyalai, ya nuna cewa waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu sun fi samun ci gaba a fahimta da shaƙuwa da masu rainonsu. Wannan ya shafi gidan marayu na ko'ina, na nan da na can, amma jinkirin hanyar waje yana ƙara wa yaro watannin da yake zaune a inda masu raino suke sauyawa safe da yamma. Irin wannan yaro, idan ya zo gida yana ɗan shekara uku, ba ya yin abin da ake tsammani. Yakan ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi ko da an cika masa ciki, yakan faɗi ya ji ciwo bai yi kuka ba domin ya saba ba mai zuwa, yakan kuma miƙa hannu ga kowane baƙo ya bi shi, abin da mutane kan yaba su ce yaron ba shi da ƙiwa, alhali alama ce ta cewa bai riga ya ware wani ya ce wannan nawa ne ba. Gyaran wannan yana buƙatar mutum ɗaya ya lazimci ciyar da shi da wanka da kwantar da shi tsawon watanni, ba a bar wa 'yar aiki ba. Idan aka haɗa masa da sabon harshe, abin ya ninku, domin ƙaramin yaro yakan rasa harshensa na farko cikin 'yan watanni kafin na biyu ya zauna, a tsakani kuma ba ya iya faɗin abin da ke damunsa. Idan kamanninsa sun bambanta da na gidan, to sirrin da aka tsallaka iyaka domin a rufe, fuskarsa ce za ta riƙa tona shi a kowane biki da suna.

Ta fuskar lafiya, gwaje-gwajen da ake buƙata ɗaya ne: gwajin jini domin sanin ko yana ɗauke da sikila, ciwon hanta, tarin fuka, alamun tamowa, da cutar ƙanjamau, wadda a jaririn da bai kai wata 18 ba gwajin da aka saba yi yana iya nuna abin da ya samo daga jinin uwa ne kawai, sai an yi gwaji na musamman da yake neman ƙwayar cutar kanta. Bambancin shi ne a gida mutum zai iya kai yaro asibitin da ya amince da shi kafin ya sa hannu a komai, ya kuma duba katin rigakafinsa da idonsa, a waje kuwa sau da yawa da rahoton da aka miƙo masa zai yi aiki. Kuɗi kuma ba sai an tsawaita ba. Amurkawa sukan kashe tsakanin dala 20,000 zuwa 50,000 a kan yaro ɗaya daga waje, kuma ko an rage kuɗin kamfani, tikitin jirgi da masauki da lauya da tafinta duk da kuɗin waje ake biyansu. Abin da za a kashe a wannan zirga-zirga zai iya ɗaukar nauyin karatun yaro na shekaru a gida.

Duk da haka, ba adalci ba ne a nuna kamar riƙon gida ba shi da ƙaya. Masu neman jarirai a gidajen marayu da hukuma ta yi wa rajista sun fi jariran da doka ta yarda a bayar yawa, domin da yawa daga cikin yaran da ke gidajen suna da dangi, talauci ne ya kai su, don haka jira yana da tsawo. Akwai gidajen da ba su da rajista, waɗanda shiga hulɗa da su daidai yake da hulɗa da dillalin waje. Akwai bakin mutane, da kalmar ɗan tsintuwa da yara kan jefi ɗan'uwansu da ita a wurin wasa. A riƙon dangi kuwa, tsoron da ya sa wasu tunanin ƙetare gaskiya ne. Mace za ta riƙi 'yar ƙanwarta tun tana cikin zanen goyo, ta kai ta har jami'a, ranar da manema suka fito sai baffan yarinyar ya zo ya ce, “Yaya, Allah ya saka da alheri a kan ɗawainiya, amma maganar aure tamu ce,” kuma ta fuskar walicci yana da gaskiya, domin dangin uba suna gaban mai riƙo. Wannan ciwo ne, amma ciwo ne da ake iya rage shi tun farko, idan aka zauna da dattawan ɓangarorin biyu aka fayyace wa zai ɗauki nauyin karatu, yaushe yaro zai riƙa ziyartar danginsa, wa zai yi magana ranar aure, aka rubuta, aka kuma kai kotu ta tabbatar. Yawancin rigingimun riƙo suna tasowa ne daga kunyar da ta hana a yi wannan zama.

Akwai yanayi guda da tsallaka iyaka yake da ma'ana sosai, shi ne idan akwai zumunci. Bakatsinen da ɗan'uwansa ya rasu a Maraɗi, ko Basakkwacen da 'yar'uwarsa ta bar marayu a Ƙonni, ko mutumin Daura mai dangi a Damagaram, ba baƙon yaro zai ɗauko ba. Harshe ɗaya ne, abinci ɗaya ne, an san uwa an san uba, nasaba ba ta ɓata ba, kuma idan ɗaya daga cikin iyayen yaron ɗan Najeriya ne, sashe na 25 ya riga ya ba shi ƙasa. Kuskuren da ake yi a nan shi ne raina takarda, a sa yaro a mota ta Jibiya ko Illela ko Maigatari kamar an ɗauko shi daga ƙauyen maƙwabta. Iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da ficewar Nijar daga ECOWAS a watan Janairun 2025, sun nuna cewa sauƙin shige da fice da aka saba da shi yana iya canjawa dare ɗaya. Wanda zai ɗauko irin wannan yaro ya taho da takardar haihuwarsa ta asali, da takardar mutuwar mahaifi, da yardar dangi a rubuce wadda kotun can ta tabbatar, sannan ya gabatar da su ga kotun iyali a nan. Haka nan wanda ya yi shekaru yana aiki a wata ƙasa, ya san yaron da idonsa, kotun ƙasar kuma ta ba shi riƙo a matsayin mazauni, yana da hujjar tahowa da shi, muddin ya nemi lauya ya warware maganar izinin zama kafin ya sayi tikiti.

Wanda tausayi ne ya motsa shi, ba rashin haihuwa ba, yana da zaɓin da bai buƙatar raba yaro da kowa. Gwamnatin Borno ta sha faɗin cewa rikicin Boko Haram ya bar marayu sama da 50,000 a jihar, kuma wasu daga cikin iyalan da rikicin ya koro suna zaune a Durumi da Kuchingoro da Wassa, a cikin Abujar nan. Yawancin waɗannan marayu suna hannun uwa ko kaka, abin da ya gagara shi ne abinci da kuɗin makaranta. Makarantar da Barista Zannah Mustapha ya kafa a Maiduguri a 2007, wadda ta jawo masa lambar yabo ta Nansen, wadda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya take bayarwa, a 2017, a kan wannan tsari ta ginu: yaro yana karatu kyauta, yana kuma komawa wurin danginsa.

Idan ma'aurata suka tambaye ni, amsata ta danganta da abin da ya haɗa su da yaron. Idan jini ne ko doguwar zama a ƙasarsa, su ɗauko shi, su kuma bi takardu ɗaya bayan ɗaya. Idan babu ko ɗaya daga cikin biyun, su fara da duba cikin danginsu, in ba su samu ba su kai takardar nema sashen jin daɗin jama'a na inda suke zaune, tun da watanni 12 da doka ta shar'anta a ɗauka gaba ɗaya ba sa fara ƙirguwa sai daga ranar da aka sanar da jami'i. A cikin watannin jiran su sanar da iyaye da 'yan'uwa, su nemi mai shayarwa a cikin dangi idan jariri suke nema, su ga malami da lauya a kan wasiyya, su kuma buɗe fayil da za su riƙa adana kowace takarda da ta shafi asalin yaron, domin shi zai nema da kansa idan ya girma.